Mindhunter: kintacen siffar makashi ya taɓa kama wani kuwa?

Nasiru: Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka kalli Mindhunter ce, shirin Netflix kan jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, masu farautar makasa, zango na ɗaya na 2017 da na biyu na 2019. Holden Ford da Bill Tench sunayen fim ne, John Douglas da Robert Ressler na FBI ake nufi, Wendy Carr kuma daga Ann Burgess aka ɗauko ta. Abin da nake so masana su warware mana: wannan aiki na a dubi inda aka yi kisa a ce mai laifin shekarunsa kaza, shi kaɗai yake kwana, motarsa tsohuwa ce, ya taɓa kai wani hannun hukuma? Ko gishirin fim ne?

Malam Habu: Wa'alaikumus salam Nasiru. Sai an san yadda aikin yake tukuna kafin a yanke masa hukunci. Sashen nazarin halayya na FBI an kafa shi a 1972 a makarantar horas da jami'ansu da ke Quantico, kuma Howard Teten da Patrick Mullany sun riga su Douglas fara koyar da abin. Hirarrakin gidan yari da ake nunawa sun faru: tsakanin 1979 da 1983 an zauna da fursunoni 36, da takardar tambayoyi mai shafi 57. Daga nan aka raba su gida biyu, 24 masu tsari, 12 marasa tsari. Mai tsari yakan zo da igiyarsa da makaminsa, ya yaudari baƙo da daɗin baki, ya ɗauke gawa daga wurin, ya share sawunsa. Marar tsari yakan afka wa mutum ba shiri, da abin da hannunsa ya taɓa, ya bar gawa da makami a nan, kuma galibi gidansa ba nisa.

Shi kansa kintacen, a yadda suka rubuta shi a 1986, mataki shida ne. Da farko a tara kaya: hotunan wurin daga kowace kusurwa, rahoton likitan da ya binciki gawa, taswirar unguwa, da rayuwar mamacin, inda yake aiki, hanyar da yake bi, da wa yake hulɗa. Abu ɗaya ne ba a ba mai kintace: jerin waɗanda ake zargi. In ya gani, zai ɗinka rigar daidai jikin wanda ya gani. Sai a auna kasada. Wanda ya sace yaro a bakin titi da rana tsaka ya yi kasada babba, wannan na nuna ko ya san unguwar sarai ko kuma ba ya iya riƙe kansa. Sai a sake gina abin da ya faru daki-daki, a duba ko an shirya wurin ne don ɓatar da sawu, kamar mijin da ya kashe matarsa ya fasa taga don a ce ɓarayi ne, alhali gilashin waje ya zube. Bayan haka a rubuta siffar, a ba masu bincike, in an kama mutum a gwada a gani.

Kintacen da ya fi dacewa shi ne na wani makashi, Richard Chase, a Sacramento, Janairun 1978. Ressler ya ce farar fata ne, shekara 25 zuwa 27, ramamme, ɗakinsa kaca-kaca, yana da tarihin taɓin hankali, ba shi da aiki, kuma yana kusa. Chase ɗan 27 ne, kuma kusan duk haka aka same shi.

Dakta Sani: Malam Habu, ka yi tuya ka manta da albasa. Wa ya kai 'yan sanda ƙofar Chase? Wata ce da suka yi sakandare tare, ta haɗu da shi a wajen shaguna, ta ga yadda ya lalace, ta kai rahoto.

Sannan a dubi mutum 36 ɗin nan da idon bincike. Waɗanda suka yarda a yi hira da su ne kawai, duk an riga an kama su, babu wani rukuni na daban da aka gwada su da shi, kuma yawancin bayanin daga bakinsu ya fito. Ɗauki Ed Kemper, wanda fim ɗin ya mayar tauraro. Ya kashe kakanninsa a 1964 yana ɗan 15, aka tsare shi a asibitin Atascadero, inda har shi yake taya ma'aikata yi wa sauran majinyata gwajin ƙwaƙwalwa. Ya haddace amsar da likita ke son ji. Aka sake shi a 1969. A 1972, yana tsakiyar kashe ɗalibai mata a Santa Cruz, likitocin ƙwaƙwalwa suka duba shi suka ce ba shi da haɗari ga kowa. Irin wannan mutumin za ka ɗauki labarin yarintarsa ka gina ilimi a kai? Shi ma babu kintacen da ya kama shi. Bayan ya kashe mahaifiyarsa da ƙawarta a Afrilun 1973, da kansa ya bugo waya daga Pueblo a jihar Colorado, har da farko 'yan sandan ba su ɗauke shi da gaske ba, don abokin hirarsu ne a mashaya.

A 2004 masanin halayya David Canter da abokan aikinsa suka ɗauki makasa 100 na Amurka suka gwada rabon nan na tsari da rashin tsari. Bai rabu ba. Alamun tsari kusan kowa na da su, tunda wanda ba shi da tsari ko kaɗan ba ya daɗewa har ya yi kisa uku ko huɗu.

Ummi: Dakta, to labarin likitan nan da ya faɗi har irin kwat ɗin da mai dasa bom zai sa fa? Shi ma ƙarya ce?

Hajiya Binta: Ba ƙarya ba ce Ummi, rabin labarin ne. George Metesky ya dasa bama-bamai 33 a Niyok daga 1940 zuwa 1956, 22 suka tashi. Dakta James Brussel ya ce idan aka kama shi za a gan shi da kwat mai maɓallai layi biyu, a ɓalle tsaf. Da aka je gidansa a Waterbury a Janairun 1957 da kayan barci aka same shi, ya shiga ya sauyo, ya fito da irin wannan kwat ɗin. Abin da ba a cika faɗa ba: a zamanin, kwat ɗin dattawa ke nan. Kamar ka ce za a kama dattijon Bakano da hula a kansa. Brussel ya kuma yi zancen tabo a fuska da aikin dare, duk babu.

Wadda ta gano shi ma'aikaciyar ofis ce a kamfanin wutar lantarki na Con Edison, Alice Kelly. Metesky ya riƙa rubuta wa wata jarida wasiƙu yana kukan an cuce shi bayan ya ji rauni yana aiki a wannan kamfanin. Ita kuma ta zauna tana bin tsoffin fayilolin masu neman diyya ɗaya bayan ɗaya, har ta ci karo da na wani da ya ji rauni a 1931, kalmomin da ke cikin takardunsa irin na wasiƙun.

Malam Habu: Na yarda da Hajiya. Amma ku yi adalci a kan Atlanta, wanda zango na biyu ya ginu a kai. Daga 1979 zuwa 1981 an kashe yara da matasa baƙar fata kusan 30. Jama'ar gari sun tafi a kan 'yan ƙungiyar wariyar launin fata ne. Douglas ya ce a'a, baƙar fata ne, saboda bature ba zai riƙa shiga waɗannan unguwanni yana ɗaukar yara da rana ba tare da an lura da shi ba. Maganar ta yi wa mutane ɗaci, amma dalilinta a fili yake. Na biyu, da jarida ta fallasa a farkon 1981 cewa ana samun zare a jikin gawarwakin, sai gawa ta fara fitowa daga kogi, an tuɓe mata kaya. Wannan ya sa aka sa jami'ai dako a gadojin kogin Chattahoochee. Ranar 22 ga Mayu 1981, wajen ƙarfe uku na dare, wani kurtun ɗan sanda da ke ƙarƙashin gada ya ji faɗuwar abu a ruwa, aka tare motar Wayne Williams. Ya ce gidan wata mawaƙiya yake nema, wadda ba a taɓa samunta ba. Bayan kwana biyu gawa ta taso. In ba don karanta halin mai laifin ba, me zai kai ɗan sanda ƙarƙashin gada?

Barista Zainab: Malam, zuwa gada na ba ka. Amma a kotu zare ne ya yi magana, a nan aka gano bakin zaren a zahiri. An samu wani zaren nailan mai launin kore-rawaya a jikin gawarwaki. Masana suka bi shi har kamfanin da ya yi shi, Wellman, suka gano ya sayar wa West Point Pepperell, wanda ya yi kafet da shi na ɗan gajeren lokaci a farkon shekarun 1970. Daga adadin da aka sayar suka lissafa cewa gida 1 cikin 7,792 a yankin Atlanta zai kasance da irinsa. Ɗakin kwanan Williams na da shi. Aka haɗa da zaren shimfiɗar motarsa, da na bargon gadonsa, da gashin karensa. A Fabrairun 1982 aka ɗaure shi rai-da-rai sau biyu.

Ga inda gizo ke saƙar. Kisan manya biyu kotu ta same shi da laifinsa, ɗan 27 da ɗan 21. Babu yaro ko ɗaya da aka yi masa shari'a a kansa. 'Yan sanda suka rufe fayiloli sama da 20 suka jingina masa. Douglas da kansa ya ce bai yarda Williams ne ya yi duka ba. Iyayen yaran sun yi ta kuka shekara da shekaru, sai a 2019 magajiyar garin Keisha Lance Bottoms ta ba da umarnin a sake gwada kayan shaidar.

Nasiru: Allah ya saka. To mutumin nan mai gashin baki na kamfanin ADT da ake nunowa a farkon kashi-kashi, ba a taɓa haɗa shi da su Holden ba?

Hajiya Binta: Dennis Rader ke nan, makashin da ake yi wa laƙabi da BTK, na Wichita a jihar Kansas. Ya kashe mutum 10 daga 1974 zuwa 1991, farawa da mutum huɗu 'yan gida ɗaya. Ya yi aiki a ADT daga 1974 zuwa 1988, yana sa wa gidaje ƙararrawar tsaro, wasu masu gidan ma tsoron BTK ne ya sa suka kira kamfanin. A 1984 Douglas da abokan aikinsa na FBI, Roy Hazelwood da Ron Walker, sun zauna sun kintaci siffarsa. In ka karanta abin da suka ce sai ka rantse a gaban ɗan duba kake: matan da yake hulɗa da su ko dai sun fi shi ƙuruciya sosai ko sun girme shi sosai, ba ya shiga mutane amma yana iya zama da mutane. Wa zai kuɓuce wa wannan? Rader magidanci ne mai 'ya'ya biyu, shugaban majalisar cocinsu, jagoran yara 'yan sikawut, daga baya jami'in ƙaramar hukuma mai bin masu karya dokar unguwa.

Baki shi ke yanka wuya. Ya yi shiru shekaru, sai a Maris 2004 ya aika wa jaridar Wichita Eagle hotuna da lasisin tuƙin wata mata da aka kashe a 1986. Ya ci gaba da ajiye saƙonni. Ɗaya ya saka a kwalin abinci ya jefa a bayan wata a-kori-kura a harabar shagon Home Depot, kyamara ta ɗauki baƙar Jeep Cherokee. Daga nan ya tambayi 'yan sanda, wai su gaya masa gaskiya, in ya aiko da faifan filofi za a iya bin sawunsa? Suka amsa ta ƙaramin talla a jarida cewa ba komai. Ranar 16 ga Fabrairu 2005 faifan ya isa wani gidan talabijin. A ciki akwai ragowar wata takardar Word da aka goge, kuma bayanan da fayil ke ɗauke da su a ɓoye sun nuna sunan cocin Christ Lutheran da sunan wanda ya taɓa ta ƙarshe, Dennis. Aka duba shafin cocin, ga sunansa. Aka bi ta ƙofar gidansa, ga baƙar Jeep. Don a tabbatar ba tare da ya farga ba, aka nemi izinin kotu aka ɗauki samfurin gwajin asibiti na 'yarsa, DNA ya nuna mahaifinta ne ya bar shaidar da aka adana tun 1974. Ranar 25 ga wata aka kama shi. Kafin nan an ɗauki samfurin yawun maza sama da 1,300 don gwajin DNA a banza.

Malam Habu: Hajiya, wa ya ba da shawarar kada a zage shi a jarida, a bar mutum ɗaya, Laftanar Ken Landwehr, ya riƙa yi masa magana ta talabijin har ya saki jiki? Masu nazarin halayya ne. Ba don ya ɗauki Landwehr abokin wasa ba, da bai yi waccan tambayar ta wauta ba. Amfaninsu a nan yake: yadda za a ja mutum da magana, yadda za a yi masa tambayoyi in ya shiga hannu, wanda za a fara dubawa cikin dubu.

Dakta Sani: Wannan na karɓa. An ma auna shi. Gary Copson ya bi shari'o'i 184 a Birtaniya a 1995. Sama da kashi 80 cikin ɗari na jami'an sun ce shawarar ta yi musu amfani, amma a 5 kacal ta kai ga gano mai laifin. Laurence Alison kuma ya ba 'yan sanda kintace guda, rukuni ɗaya ya ba su bayanin mai laifin na gaskiya, ɗayan ya ba su na ƙirƙira da ya saɓa masa. Duka biyun suka ce kintacen ya dace.

Barista Zainab: Kuma in aka ɗauke shi hujja, mutane ke mutuwa. A Yulin 1992 aka kashe Rachel Nickell a filin Wimbledon Common na Landan, a gaban ɗanta mai shekara biyu. Masanin halayya Paul Britton ya kintaci siffar makashin, 'yan sanda suka ga ta yi kama da Colin Stagg, wani marar aure da ke yawo da karensa a filin. Babu jini, babu zanen yatsa, babu komai. Sai aka sa wata 'yar sanda ta yi basaja da sunan soyayya, wata biyar tana rubuta masa wasiƙu tana jan sa ya ce shi ne. Bai ce ba. Duk da haka ya yi wata 13 a tsare, sai a Satumbar 1994 Mai shari'a Ognall ya yi watsi da shaidar baki ɗaya. An bar jaki ana dukan taiki: a Nuwambar 1993 mai laifin na gaskiya, Robert Napper, ya kashe wata mata da 'yarta mai shekara huɗu. DNA ne ya haɗa shi da kisan Nickell, ya amsa a 2008. Stagg ya karɓi diyyar fam 706,000.

Lawal: Ku ƙara da maharban Washinton na Oktoban 2002. Masana a talabijin suna ta cewa bature ne shi kaɗai, kowa na neman farar motar kaya. Ashe baƙar fata ne su biyu, John Allen Muhammad da Lee Boyd Malvo, a shuɗiyar Chevrolet Caprice da suka huda but ɗinta suna harbi ta ciki. An sha ganin motar ana barinta ta wuce. Su ma waya suka buga suna alfahari da wani kisa a Alabama, a can aka samu zanen yatsan Malvo.

Ni dai ɓangaren da na fi yarda da shi taswira ce, don lissafi ne. A Disambar 1980 Stuart Kind, tsohon mai nuna wa jirgin yaƙi hanya, ya ɗauki wurare 17 da wani makashin mata ya kai hari a Yorkshire da kewayenta a Ingila ya nemi tsakiyarsu, ya kuma lura cewa harin da aka kai can cikin dare ya fi kusa da gida, tunda dole mutum ya koma kafin a yi cigiyarsa. Lissafin ya faɗa kusa da Bradford. Makashin, Peter Sutcliffe, a Bradford yake. An yi masa tambayoyi sau tara ana sallamarsa, wani ɓangare saboda kaset ɗin bogi da ya sa ake neman mai harshen Sunderland, har lambar mota ta jabu ta tona shi a Sheffield ranar 2 ga Janairu 1981.

Ƙa'idar ita ce yawan laifi na raguwa da nisa daga gida, amma dab da gidan akwai ɗan fili da mai laifi ke kauce wa don kada a gane shi. Kim Rossmo na Kanada ya mayar da wannan manhajar kwamfuta. Wurin da aka fara haɗuwa da mamacin ya fi wurin da aka yar da gawa nauyi a lissafi. Yana rushewa in wuraren ba su kai biyar ba, ko an cusa laifin wani a ciki, ko mai laifin direban doguwar hanya ne.

Ummi: Yaya ake sanin laifi biyu na mutum ɗaya ne tun farko?

Malam Habu: Ana raba salon aiki da tambari. Salon aiki shi ne abin da yake bukata don ya yi nasara, kuma yana sauyawa: yau ya fasa taga an ji ƙara, gobe ya zo da abin yanka gilashi. Tambari shi ne abin da bai zama dole ba amma ransa ke so, kamar irin ƙullin da Rader ke yi. Masifar ita ce rundunoni ba sa ganin fayilolin juna. Don haka FBI ta buɗe rumbun bayanan kashe-kashe mai suna ViCAP a 1985, shawarar wani tsohon ɗan sanda, Pierce Brooks, amma shigar da bayani ganin dama ne, da yawa ba sa yi. Samuel Little ya amsa kisa 93 daga 1970 zuwa 2005. Shaƙewa yake yi, kuma matalautan mata yake zaɓa, sai a rubuta cewa ƙwaya ce ta kashe su ko haɗari. Abin da ba a rubuta shi kisa ba, babu rumbun da zai haɗa shi.

Hajiya Binta: Shi ya sa ajiyar kayan shaida ta fi komai. Gary Ridgway, makashin yankin kogin Green River a Amurka, ya tsallake na'urar gano ƙarya a 1984, kuma a shekarar ya aika wasiƙa ga wata jarida ba tare da sa sunansa ba, Douglas ya duba ya ce ba ta makashin ba ce. A 1987 aka sa shi ya tauna ƙyalle aka adana yawun. Sai a 2001 fasahar DNA ta kai ga gano shi, ya amsa kisa 48 a 2003. Shekara 14 samfurin bai lalace ba saboda an bi ƙa'ida: a bar shi ya bushe, a sa a ambulan ɗin takarda, ban da leda, don leda na riƙe danshi ya yi funfuna. Kowane abu da ambulan ɗinsa, a sauya safar hannu tsakaninsu, duk wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata. In layi ɗaya ya ɓace a takardar, lauya zai ce an musanya.

Lawal: Ko kisan mata a otal-otal na Fatakwal a 2019, hoton kyamarar otal ne ya fallasa Gracious David-West, aka yanke masa hukuncin kisa a 2020.

Nasiru: To zango na uku fa, za a nuna kama BTK?

Dakta Sani: Daraktan shirin, David Fincher, ya ce a 2023 babu shi, shirin ya yi wa Netflix tsada. Ko da an yi, daga gadar Atlanta zuwa kama Rader shekara 24 ce, kuma Douglas ya yi ritaya tun 1995. Sai dai su nuna wani jami'i a Wichita yana zura filofi a kwamfuta.